Rufa-ido a Teburin Wasa: Abin da Jarumi Ya Gani da Abin da Mai Shi Ya Sani

Duk wanda ya taɓa jagorantar wasan Dungeons & Dragons, ko ɗaya daga cikin danginsa, ya san wata gaɓa da takan tsayar da tebur cik. Jagora ya ce ga gadar katako a kan kwazazzabo, ayari ya nufe ta zai haye, sai ya dubi ɗaya daga cikin 'yan wasa ya ce ya jefa dayis. Ya jefa, 3 ta fito. Jagora ya ce to, ba ka lura da komai ba, gada ce lafiyayya. Daga wannan lokaci babu mai yarda ya ɗora ƙafa a kanta. Wannan ya ce zai wurga dutse tukuna, wancan ya ce a ɗaura masa igiya a ƙugu, na ukun ya ce shi dama tun farko bai so a biyo ta nan ba. A cikin labarin babu abin da ya canza, matafiya ne a gajiye a gaban gada. A teburin ne kowa ya ga 3, kuma kowa ya san ba a sa mutum ya jefa dayis haka kawai.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Mutane kaɗan ne, galibi huɗu zuwa shida, suke zama su ƙaga labari tare. Kowa yana riƙe da jarumi guda, wanda aka rubuta ƙarfinsa da basirarsa da kayansa a takarda, yana faɗin abin da jarumin zai yi. Mutum ɗaya, wato jagora, shi ke riƙe da sauran duniyar baki ɗaya: gari da daji, maƙiya da 'yan kasuwa, da duk wani sirri da ke ɓoye. In aka zo kan abin da ba a da tabbacin zai yiwu, sai a jefa dayis, irin na ludu, sai dai wanda aka fi amfani da shi fuska 20 gare shi. Ba a zuba ko sisi, ba mai ci ba wanda aka ci. Na faɗi wannan ne domin a zangon Kumasi, daga Aboabo har Asawase, dattijo in ya hango samari sun kewaye benci da dayis, caca ce za ta fara zuwa masa a rai, kuma yana da hujjar tsayawa ya tambaya. Sihirin da ake ambata a ciki ma lambobi ne da dokoki, ba ya wuce takardar da aka rubuta shi a kai. Mu da muke bugawa a nan ba mu da yawa, littattafan kuma tsada gare su, yawancinmu da ƙa'idojin da kamfanin da ke buga wasan ya saki kyauta a intanet muka fara, muna karantawa a waya. Amma wannan matsala ta same mu kamar yadda ta sami kowane tebur a duniya.

Tushenta shi ne kowace kujera mutum biyu ne a kanta. Akwai jarumi, wanda abin da idonsa ya gani da abin da kunnensa ya ji kaɗai ya sani. Akwai kuma mai shi, wanda ya ga lambar da ta fito, ya ga jagora ya yi jim kafin ya amsa, ya karanta littafin dodanni, ya kuma ji saƙon da aka raɗa wa na kusa da shi. A yawancin wasa tazarar da ke tsakaninsu ba ta damun kowa. Rufa-ido ne ke tona ta, domin shi duk aikinsa a cikin wannan tazarar yake: ana so jarumi ya gaskata abin da ba shi nan, alhali hannun da ke juya jarumin ya riga ya ji ƙanshin ƙarya.

Abin ya samo asali tun kafin wasan kansa. A 1824 wani matashin hafsa mai suna von Reisswitz ya gabatar wa manyan sojojin Prussia, a yankin Jamus ta yau, wasan yaƙi na taswira da ake kira Kriegsspiel. Abin da ya bambanta shi shi ne alƙali a tsakiya. Ɓangarorin biyu suna rubuta umarni su miƙa masa, rundunar da abokin gaba bai hango ba kuwa ba a ɗora ta a taswira, alƙali ne kaɗai ya san inda take. Daga wannan zuriya ta wasannin yaƙi kujerar jagora ta fito. A 1971 Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da Chainmail, wasan yaƙi da ƙananan gumakan sojoji, kuma a cikinsa an riga an bai wa matsafi ikon ƙirƙiro rundunar bogi a fagen fama. Da Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, wannan dabara ta biyo su da sunanta, Phantasmal Forces, da dokoki gajeru: hoton yana nan muddin mai yinsa bai ɗauke hankali ba, yana ɓacewa in mai rai ya taɓa shi, raunin da ya yi wa mutum kuma na gaske ne in mutumin ya gaskata abin da ya gani.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya haifi rigimar da har yau ba a gama ba. Wa ya gaskata? Jarumi ba shi da zuciyar da za a leƙa, mai shi ne ke magana da yawunsa. A tebura da yawa na wancan zamani sai aka daidaita a kan cewa duk wanda ya furta bai yarda da abin da yake gani ba, a ba shi damar jefa dayis ya tsira. Sakamakon a fili yake. Tunda furtawar ba ta cin komai, sai ta zama abin faɗa a gaban kowane dodo da kowane bango da kowace taska. Mutum ya ga zaki, kafin ya zare takobi ya ce bai yarda ba. Shakka ta zama kyauta, abin da yake kyauta kuwa kowa ɗiba yake.

Da kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR, kamfanin da ke buga wasan a lokacin, a 1997, bugu na uku da ya fitar a 2000 ya yi ƙoƙarin gyara wannan da tsari. Ya kasa rufa-ido gida biyar: hoton da ake kafawa a sarari kowa ya gani, wanda ba ya iya ji wa kowa ciwo ko ɗaukar nauyi; da wanda ke sauya kamannin abin da yake akwai, har ya ɓatar da shi; da launuka masu ɗauke hankali; da wanda ke cikin kan mutum ɗaya shi kaɗai; da na inuwa, wanda wani kasonsa na gaske ne, mafi ƙanƙantarsa kashi 20 cikin 100. Sannan ya ce ba a ba ka damar jefawa sai jaruminka ya tsaya ya ƙare wa abin kallo ko ya yi hulɗa da shi. In hujja ta bayyana ƙarara, hannu ya ratsa bango, ba sai an jefa komai ba. Akwai kuma wata ƙaramar doka da nake ganin ta fi sauran hikima: in ɗaya ya gane ƙarya ce ya gaya wa abokan tafiya, ba sa ganewa nan take, ƙarin 4 kawai suke samu a kan abin da za su jefa. Mun saba cewa gani ya kori ji, kuma dokar ta ɗauki wannan da gaske. Abokinka yana ihu cewa wutar ba ta gaske ba ce, kai kuwa ga harsunanta a gaban idonka. Maganarsa tana taimaka maka, amma ba ta goge abin da kake gani ba.

Bugu na biyar, na 2014, wanda shi yawancinmu muka sani, ya sauƙaƙa abin ya kuma ɗora masa farashi. Mai son bincikar hoto sai ya sadaukar da aikinsa na wannan zagaye, ya jefa da basirarsa ta bincike, ya kai lambar da mai rufa-idon ya kafa. In ya kai, hoton ya dusashe a idonsa. Sihirin mataki-mataki ne, kowane mataki kuma da iyakarsa. Mafi ƙanƙanta, wanda sabon shiga ke iya yi ko da yaushe, ko dai sauti ko hoton wani abu da bai wuce ƙafa 5 ta kowane gefe ba, na minti 1. Na mataki na ɗaya yana kai ƙafa 15, yana motsi, amma ba sauti ba ƙanshi. Sai a mataki na uku ake samun mai ƙafa 20 da ke zuwa da amo da wari da ɗumi. A riƙe waɗannan iyakoki da kyau, domin a cikinsu maganin rabin matsalar yake.

Kafin nan, akwai lissafin da jagorori da yawa ba sa yi. A ce lambar da ake nema 13 ce, jarumi yana da ƙarin 2. Yana bukatar 11 ko sama, fuska 10 cikin 20, rabi da rabi ke nan. Amma in jagora ya ce kowa ya jefa, kuma su huɗu ne masu irin wannan ƙarfi, yiwuwar dukkansu su faɗi 1 ce cikin 16. Wato sau 15 cikin 16 wani zai gane, kusan kashi 94 cikin 100, kuma da ya gane zai faɗa. Jagoran da ya kwana yana shirya fadar bogi, ya zo ya ce kowa ya jefa tun daga bakin ƙofa, shi ya rushe ta da hannunsa. Jefawa ta wanda ke da dalilin shakka ce, wanda kuma ya yarda ya biya farashinta.

To yaya za a hana lambar tona asiri? Hanya mafi tsufa ita ce jagora ya jefa da kansa a bayan allon kwalin da ke gabansa. Pathfinder, wani wasa na wannan dangi, a bugunsa na biyu na 2019, ya mayar da wannan doka rubutacciya: akwai gwaje-gwajen da jagora ne ke jefa su a ɓoye, har ma in jarumi yana ƙoƙarin tuno abin da ya sani game da wani dodo ya faɗi mummunar faɗuwa, labarin ƙarya ake ba shi, ba tare da mai shi ya san ƙarya ce ba. Bugu na biyar na Dungeons & Dragons yana da wata hanyar da ba ta bukatar dayis: a ɗauki 10 a haɗa da ƙarin jarumi, wannan ce lurarsa ta yau da kullum, jagora ya rubuta ta kowa a gefe ya riƙa dubawa shiru. Dukkansu suna aiki, amma ta farko tana da illa. Mutum yana son dayis ɗinsa a hannunsa, kuma ranar da jaruminsa ya faɗa rami saboda lambar da bai gani ba, ko bai furta ba zuciyarsa za ta tambaya ko da gaske aka jefa. Abin da na fi so shi ne tun farkon zama kowa ya jefa sau da yawa, jagora ya rubuta lambobin, ya hargitsa jerinsu, ya riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya in bukata ta taso. Hannunka ne ya jefa, ba ka dai san wacce aka ci a wane wuri ba, kuma a ƙarshen zama ana iya nuna maka takardar.

Saƙon sirri ma haka. A da takarda ake miƙawa, mu yanzu WhatsApp muke yi. Ka duba yadda abin ke kasancewa a majalisar shayi bayan Isha'i: ana zaune a benci, butar ataya tana kan gawayi, jagora ya sunkuya yana danna waya, sai wayar mutum ɗaya ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro ya karanta, ya ɗago yana ƙoƙarin daidaita fuska. Ba sai an gaya wa kowa komai ba, sauran sun riga sun janye jarumansu baya. Gyaran mai sauƙi ne. In za a aika wa ɗaya, a aika wa kowa. Wani ya sami labarin cewa bangon gabas ba shi da inuwa, wani ya sami cewa takalminsa ya fara matsa masa ƙafa. In aka saba da haka tun ranar da babu wani sirri, ƙarar waya za ta daina zama ƙararrawa.

Amma wurin da asiri ya fi zuba bakin jagora ne. Mu nan muna karanta abin da Turanci, mu juya shi zuwa Hausa nan take, wani lokaci da ɗan Tuwi a ciki, saboda haka kowane jinkiri ana jin sa. Jagoran da tun magariba yake cewa akwai ƙofa, akwai rijiya, akwai mayaƙa uku, sai ya zo wani wuri ya ce kuna ganin kamar bango. Na taɓa ji wani yaro mai kaifin kunne ya katse jagora a daidai nan: "Yaya, tsaya. Me ya sa ka ce kamar?" Shi ke nan, magana ta ƙare. Jagoran bai so ya yi ƙarya ba ne, shi ya sa harshensa ya nemi mafaka, kuma wannan hali ne mai kyau. Mafita ita ce ya mayar da dukan bayaninsa ta hanyar gaɓɓan jarumai tun daga farko: kun ga, kun ji, kun shaƙi. In haka yake magana kullum, ranar da ya ce kun ga bango bai yi ƙarya ba, bai kuma ba da alama ba. Abin da ido ya kawo ya faɗa.

A nan iyakokin da na ambata ke shigowa. Rufa-idon da babu yadda za a gane shi zalunci ne, wanda kuma aka gane da ganin lamba ɓarna ce. Tsakaninsu akwai alamu na cikin duniyar labarin, kuma dokokin sun riga sun ba da su. Hoton mataki na ɗaya ba shi da sauti, to wutarsa ba ta tartsatsi, ba ta da zafi, hayaƙinta ba ya sa tari. Zakinsa ba ya wari, saboda haka dawakan da ya kamata su firgita suna nan suna kiwo abinsu. Sawun ƙafa ya bi ƙura ya shige cikin bango bai juyo ba. Ana ruwa, rigar mai gadin a bushe. Jagora ya saka ɗaya ko biyu daga irin waɗannan a cikin bayaninsa, da murya ɗaya da sauran. Wanda ya kama, ya ce a tsaya, me ya sa dawakan ba su gudu ba, wannan ya gane da kunnensa da hankalinsa, kuma jaruminsa ma abin da ya gani ke nan. Sanin mutum da sanin jarumi sun haɗu a wuri ɗaya, babu abin da za a yi gardama a kai. A ganina wannan ya fi kowace jefa dayis daɗi.

Akwai wani nau'in sanin da ake yawan haɗawa da wannan, ni kuwa ina raba su. Kowa da ya daɗe a wasan ya san dodon nan da ake kira troll raunukansa warkewa suke, maki 10 a kowane zagaye a bugu na biyar na 2014, sai an ƙona shi da wuta ko an watsa masa asid. Wasu jagorori kan fusata in ɗan wasa ya ɗauko bakin wuta tun zagayen farko, su ce jaruminka bai taɓa ganin wannan dodo ba. To me ake so ya yi? Ya sari dodon sau nawa kafin a yarda ya tuna da wuta, biyu ko uku? Duk adadin da ya zaɓa, sanin da ake so ya manta shi ne ya zaɓa masa. Ba a iya cire abu daga kai a ajiye a gefe. Kuma mutanen da suke rayuwa a ƙasar da dodanni ke cin matafiya, dole kakanninsu sun ba su labari. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ni dai a bar shi ya ɗauko wutarsa. Jagoran da ke son mamaki ya sauya dodon, ya sa alamar sauyin a hanya. Sanin al'adar duniya daban, sanin cewa kai ɗin nan ka faɗi gwaji yanzun nan daban. Na biyun ne kaɗai ya cancanci a damu da shi.

In kuwa asirin ya riga ya fita, kowa a tebur ya san rufa-ido ne, jarumai ba su sani ba, wasa bai lalace ba. Yaran da ke sauraren tatsuniya sun san Gizo ƙarya yake shirga wa Kura tun daga kalmar farko, kuma wannan sanin ne ke sa su matso kusa. Dokokin 2014 sun gane haka a sabon fasalin Phantasmal Force, na mataki na biyu, wanda ake dasawa a kan mutum ɗaya. Sun ce wanda abin ya kama, hankalinsa ne ke nema wa duk abin da bai yi daidai ba dalili: in ya taka gadar da ba ta nan ya faɗa, zai ce santsi ne, ko an tura shi, ko iska ta kwashe shi. Wannan aiki ne aka miƙa wa ɗan wasa a fili, aka ce ga abin da jaruminka ya gaskata, nuna mana.

Na ga an yi shi yadda ya kamata. Wata ɗaliba daga Tek, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, da ke zama da mu tana riƙe da maharbiya wadda ƙanenta ya ɓace tun farkon labari. Dayis ya ci amanarta a gaban kowa, jagora kuma bai ɓoye komai ba, ya ce mata tana hango ƙanenta a tsallaken kogi yana kiran sunanta, sauran kuma ba sa ganin kowa. Ta ajiye kofin shayinta, ta ce maharbiyar ta jefar da baka ta nufi ruwa. Wani ya ce jaruminsa ya riƙe ta. Ta juyo da murya tana rawa: "Sake ni, Malam. Ƙanena ne, ba ka jin sa?" Aka rasa mai dariya. Sauran suka shiga shawara ta gaske, ko su ɗaure abokiyar tafiyarsu, ko su bi ta cikin ruwa, ko su bar ta su nemi wanda ya yi mata wannan aiki a cikin duhuwar bakin kogi. Da an ɓoye mata gaskiya, da iyakacinta ruɗewa. Da yake ta sani, sai ta ba mu abin da jagora shi kaɗai ba zai iya ba.

Me ya sa ba kowa ke yarda ya yi haka ba? Tsoro ne, kuma galibi jagorori ne suka koyar da shi. Wasan yana da tsohuwar al'ada ta tarko. Tomb of Horrors, wani shiryayyen labari na wasan wanda Gygax ya rubuta aka buga a 1978, ya yi suna da ƙofofin bogi da ramuka masu kashewa nan take, har da wurin da ake sa ka ga kabarin yana rushewa alhali rufa-ido ne. Sanda mai ƙafa 10 da jarumai ke saya don dungurar ƙasa kafin su taka, irin wannan zamani ne ya ba ta daraja. Wannan salo yana da masoyansa, kuma a cikinsa wayon ɗan wasa ake gwadawa, saboda haka duk abin da ka sani halal ne ka yi amfani da shi. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a haɗa biyun: a ce wa mutum ya yi kamar bai sani ba, da ya yi kuma a kashe masa jarumin da ya shafe watanni yana renonsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba zai sake bin labari da zuciya ɗaya ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Saboda haka teburin da ke son irin wasan maharbiyar nan sai ya yi alkawari tun kafin a fara: bin rufa-ido yana iya jawo asara, a rasa lokaci ko kaya ko a sami rauni, amma ba zai zama mutuwar farat ɗaya ba. A kuma saka wa mai yinsa. Wasan Fate an gina shi a kan haka, in ka karɓi wahalar da halin jaruminka ya jawo masa ana ba ka maki da za ka kashe nan gaba. Bugu na biyar ma yana da tukuicin da jagora ke bayarwa ga wanda ya yi wasa da gaskiyar jaruminsa, wanda ke ba shi damar ƙara jefawa a wani wuri. Ta ɗaya gefen, Call of Cthulhu, wasan ban tsoro da ya fara fitowa a 1981, a bugunsa na bakwai ya bar ɗan wasa ya gwada ko abin da jaruminsa mai taɓin hankali ke gani gaskiya ne, amma in ya faɗi gwajin, hankalin jarumin ƙara raguwa yake. Mai bin labari yana samun lada, mai shakka yana biyan kuɗinta. In aka daidaita waɗannan biyu, ba a cika bukatar yi wa kowa wa'azi ba.

Saura mutum ɗaya da ba a cika tuhuma ba, alhali ya fi kowa sanin abin da bai kamata mutanensa su sani ba: jagora. Duk lokacin da ɗan wasa ya yi rufa-ido, a gabansa yake faɗa, da bakinsa. Yarinya ta ce jarumarta ta tsuguna a lungun sito ta kafa hoton akwati a kanta. Sai mai gadi ya shigo, cikin akwatuna talatin ya nufi wannan kai tsaye ya soka masa mashi. Wannan ita ce ainihin ɗabi'ar da jagoran yake hana wasu, kuma ita ce ke sa masu son wannan fanni su watsar da shi su koma jifa da ƙwallon wuta, tunda ita wuta lambarta a rubuce take, ba ta jiran ra'ayin kowa.

Jagora ya tambayi kansa abin da yake tambayar 'yan wasa: wane dalili mai gadin nan yake da shi? In shi ya jera akwatunan da safe, ya san lungun nan fayau yake, to yana da dalili. In baƙo ne da aka turo yau, ba shi da shi. In da kare a hannunsa, hanci zai kai shi, domin ƙaramin hoto ba ya rufe warin mutum. In kuma a wannan masarauta dogarai sun saba ƙwanƙwasa kaya da sanda saboda sun san ana irin wannan dabara, to a nuna wa 'yan wasa suna yin haka tun a ƙofar gari, kafin kowa ya yi tunanin ɓuya, don kada al'adar ta zama an ƙirƙiro ta ne a daidai lokacin da ake bukatarta. Wanda ke da dalili ya biya farashi ɗaya da kowa: ya ɓata zagayensa yana dubawa, a jefa masa dayis a tsakiyar benci inda kowa ke gani. In ya kai lambar, ya gani. In bai kai ba, ya ɗaga fitilarsa ya leƙa, ya juya ya fita, ko da kuwa faɗan da jagora ya shirya wa wannan dare a cikin siton nan ya kamata a yi shi.